Samarin Zariya da Kogwannin Kufena: Hani Ba Zai Yi Ba

Duk wanda ya tsaya a wani wuri mai sarari a Tudun Wadan Zariya ya dubi yamma, zai hango Dutsen Kufena a bayan Wusasa, ya yi zaune kamar yadda yake tun kafin a gina ganuwar birni. Ranar Asabar, ko lokacin hutun makaranta, ba a rasa ayarin samari da suka haɗa kuɗin Keke Napep daga Tudun Wada, ko Sabon Gari, ko Samaru, suka nufi gindinsa da ruwan leda da wayoyi a hannu. Hawa suke zuwa yi da ɗaukar hoto. Amma a tsakanin manyan duwatsun da suka hau kan juna akwai ramuka masu duhu, kuma da wuya ayari ya wuce bakin irin wannan rami ba tare da wani ya ce, "To, wa ya isa ya shiga?" ba. Daga nan sai a kunna fitilar waya a sunkuya. A gida, idan labari ya kai kunnen manya, amsa ɗaya ce: kada a ƙara, wurin na mutanen ɓoye ne. Hukuma kuwa ba ta ce komai ba, ba ta hana ba, ba ta kuma shirya ba. Ra'ayina shi ne hanin iyaye da shirun hukuma duk sun bar yaran nan a cikin haɗari, sun kuma bar kogwannin a cikin haɗarin da ya fi nasu. Abin da ake bukata shi ne a san me ke cikin ramukan nan, a kuma shige su da tsari.

Sai mu fara da gaskiyar da masu son kambama abu ba sa so a faɗa. Ƙasar Zazzau ba ta da irin makeken kogon da ake gani a talabijin, wanda mutum zai yi kwanaki yana tafiya a cikinsa. Irin wannan yana samuwa ne galibi a inda ƙasa ke kan dutsen da ake yin siminti da shi, domin ruwan sama yana narkar da shi sannu a hankali cikin dubban shekaru, ya huda hanyoyi da ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Haka aka samu kogon Mammoth na jihar Kentucky a Amurka, wanda tsawon hanyoyinsa da aka auna ya haura kilomita 600. Zariya kuwa tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri da masana ke kira giranit, wanda ruwa ba ya narkarwa. Abin da yake yi shi ne tsagewa. Zafin rana da sanyin dare da ruwan damina suna bin tsagar har dutse ya rabu gida-gida, wani ya gangaro ya jingina da wani, a samu ɗaki a ƙarƙashinsu. Za ka shiga da rarrafe ta wata kafa da ba ta wuce faɗin kafaɗa ba, sai ka samu kanka a wurin da mutum biyar ko shida za su zauna, rufinsa dutse guda mai nauyin da tifa ɗari ba za ta ɗauka ba, haske na shigowa ta wata tsaga kamar zare, iska mai sanyi da warin kashin jemage na bugun fuska, ƙasan wurin kuma laushi, ƙura ce da toka da tsingaro. Haka kogwannin Kufena suke, haka na Dumbi da Turunku da sauran duwatsun ƙasar Hausa. Ƙanana ne. Sai dai ƙanƙantarsu ba ta rage musu daraja ba, ba ta kuma rage musu haɗari ba.

Darajar tana ƙarƙashin tafin ƙafar mai shiga. Mutanen da suka riga mu sun zauna a gindin duwatsu saboda ruwa da tsaro da ƙasar noma, kuma tarihin baka na Zazzau ya nuna sarauta ta zauna a Turunku, ta taɓa Kufena, kafin ta kafu a birnin Zariya; jerin sarakuna yana sanya Bakwa Turunku a wajen 1536. Har yau akwai burbushin tsohuwar ganuwa a kewayen Kufena, wadda masanin tarihi John Sutton ya yi nazari a kanta a shekarun 1970 lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello. A wajen Samaru kuma masu haƙar tarihi na jami'ar sun tono tsofaffin matoyar ƙarfe da tarin kashin tama. Abin da ya sa kogo ya fi fili muhimmanci a irin wannan bincike shi ne ruwan sama ba ya wanke cikinsa, garma ba ta juya shi. Duk abin da ya faɗi a ciki yana nan inda ya faɗi, ƙura ta rufe shi, wani ya zo ya zauna a kai, shi ma ya bar nasa. Mai bincike yana karanta wannan jeri daga sama zuwa ƙasa, na sama sabo, na ƙasa tsoho. Da haka Bernard Fagg ya tono kogon Rop a kan tsaunin Jos a 1944 ya samu ƙananan makaman dutse. Da haka Thurstan Shaw ya tono kogon Iwo Eleru kusa da Akure a 1965, ya samu ƙasusuwan mutumin da ya rayu fiye da shekaru 11,000 da suka wuce. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa, a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu marasa tozo, shaidar cewa kafin farar saniya mai tozo da muka sani ta cika ƙasar nan, wata irin saniya ce ake kiwo. A nan ne kuma Fagg ya bayyana wa duniya duwatsun kiɗa a shekarun 1950, duwatsun da idan an buga su da ƙaramin dutse suke amsawa kamar ƙararrawa. Babu ɗaya daga cikin wuraren nan da ya kai girman ɗakin taro.

To, wa ke gano irin waɗannan wurare? Ba kasafai furofesoshi ba. Makiyaya ne da mafarauta da yara masu ƙiriniya. A watan Satumba na 1940 samari huɗu ne a kusa da wani ƙauye a Faransa suka zura jiki cikin wani rami suka ci karo da kogon Lasko, mai ɗauke da zanen dawaki da bijimai na kimanin shekaru 17,000. Makiyayi Balarabe ne ya fara gano tsofaffin rubuce-rubucen da ke cikin tuluna a kogwannin Kumran kusa da Tekun Gishiri a wajen 1947. Saboda haka ɗokin da ke sa saurayi ya leƙa rami ba cuta ba ce da za a nema wa magani. Amma labarin Lasko yana da kashi na biyu. An buɗe shi ga jama'a a 1948, mutane suka yi ta tururuwa, numfashinsu da zafin jikinsu suka canza iskar wurin, gansakuka ta fara cin zanen, dole aka rufe shi a 1963, daga baya aka gina kwaikwayonsa a kusa don masu yawon buɗe ido. Shekaru goma sha biyar na ziyara sun kusa lalata abin da ya tsira shekaru dubu goma sha bakwai. Mu a nan ba sai an jira numfashi ba. Hau kowane dutse da jama'a ke zuwa, za ka ga sunaye da fenti da gawayi, da sunan makaranta da shekarar gamawa, har da lambar waya. Wani ya hura wuta a ciki don korar jemagu ko gasa nama, hayaƙi ya baƙanta rufin. Wani ya ji labarin tukunyar dukiya ya zo da diga ya birkita ƙasan wurin, ya haɗa na shekara dubu da na jiya, bai samu ko kwabo ba, ya kuma hana wanda zai iya karantawa ya karanta. A bayan duka akwai masu fasa dutse da nakiya, waɗanda ke mayar da tsauni tsakuwar gini. Kufena na cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa tun shekarun 1950, kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa irin waɗannan wurare ba da izini ba. Saurayi nawa cikin masu hawa dutsen aka taɓa gaya wa haka?

Za a ce, to ai shi ya sa manya suka ce wurin aljanu ne, tsoron nan shi ya kare duwatsun shekara da shekaru. Akwai gaskiya a nan, kuma ba na raina ta. Inda mutane ke jin tsoron wuri, ba sa sare itacensa, ba sa tona ƙasarsa. Amma wannan katanga ta riga ta zube. Yaron da ya kalli bidiyon masu shiga kogo a wayarsa, ya shiga sau ɗaya ya fito lafiya, ya gama yanke hukunci cewa duk abin da aka gaya masa tatsuniya ce, har da gargaɗin da ke da tushe. Nan ne illar take: an haɗa masa maciji da aljani a jumla ɗaya, da bai ga aljani ba sai ya manta da maciji. Ban da haka, Musulmi ba shi da dalilin ɗaukar kogo a matsayin wurin sharri. A kogon Hira wahayi ya fara sauka ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kogon Saur ya fake shi da Sayyidina Abubakar a hanyar hijira, kuma surar da muke karantawa kowace Juma'a sunan kogo gare ta, labarin samari ne da suka shige shi tare. Imani da samuwar aljanu bai hana mu shiga daji ko kasuwa ba; addu'a muke yi mu shiga. Malaman da ke koya wa yara addu'ar sauka a masauki su ne ya fi dacewa su ƙara musu da cewa a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Haɗarin gaske na farko yana rataye ne a rufin kogo. Jemage dabba ce mai amfani, tana cin ƙwari, tana yaɗa irin itatuwa, kashinta kuma taki ne mai ƙarfi. Amma tana ɗauke da cututtukan da ita ba sa kayar da ita. A 1994 masu bincike ƙarƙashin Harish Gugnani na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka sun ba da rahoton samun wata ƙwayar cuta dangin fumfuna a ƙasar kogon Ogbunike na jihar Anambra, wadda ke rayuwa a ƙasar da ta cakuɗa da kashin jemage, tana kama fata da ƙashi. 'Yar'uwarta da ta fi yaɗuwa a duniya huhu take kamawa idan an shaƙi ƙurar, kuma alamunta kan yi kama da tarin fuka har likita ya ruɗe. A Yuganda, wata mata 'yar ƙasar Holan ta rasu a 2008 da cutar Marbag bayan ta ziyarci wani kogon jemagu a dajin Maramagambo, kamar yadda cutar ta kashe wani Bafaranshe a 1980 da wani yaro ɗan ƙasar Denmak a 1987 bayan sun shiga kogon Kitum a Kenya. Kada a ce wannan can gabas ne: an samu Marbag a Gini a 2021, a Gana a 2022, kuma irin jemagen da ke ɗauke da ita yana nan a Nijeriya. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A 2010 wata mujallar kimiyya mai suna mBio ta buga rahoton gano wata sabuwar ƙwayar bairos dangin korona a jikin wani jemage da aka kama a Nijeriya, cikin aikin da likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello suka sa hannu, aka kuma raɗa mata sunan Zariya. Rahoton bai nuna tana kama mutum ba, don haka babu dalilin tayar da hankali. Amma ya ishe mu sanin cewa kama jemage da hannu, ko tayar da ƙurar kashinsa a rufaffen wuri ba takunkumi, ba jarumtaka ba ce.

Sauran haɗurran sun fi kusa, sun kuma fi saurin kisa. Tsagar dutse gidan gamsheƙa ce da kasa da kububuwa, kuma maganin dafin maciji ba a kowane asibiti yake ba. Ba banza ba ake kwasar mutane daga jihohi da dama zuwa asibitin Kaltungo a jihar Gombe. Ƙudan zuma na yin saƙa a irin wannan wuri, kuma wanda suka taso wa a kan gangaren dutse, gudun da zai yi ya fi harbin haɗari. Giranit idan ya jiƙe santsi gare shi kamar an shafa masa sabulu. Sai ruwa. Zariya na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansa sai ya bi tsaga ya gangara, ramin da yake a bushe da hantsi yana iya zama magudana da la'asar. Duniya ta ga wannan a Tailan. Ranar 23 ga Yuni 2018 yara goma sha biyu 'yan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tam Luwang bayan atisaye, ruwa ya toshe musu hanyar fita. Sai ranar 2 ga Yuli wasu gwanayen nutso biyu 'yan Ingila suka same su, kilomitoci a ciki, kuma ba a gama fito da su ba sai ranar 10 ga wata, bayan dubban mutane daga ƙasashe da yawa sun yi aiki dare da rana, wani tsohon sojan ruwa mai suna Saman Kunan ya rasa ransa. Mai karatu ya tambayi kansa abin da zai faru a nan. Muna da amsa a rijiyoyinmu. Sau nawa muke jin 'yan kwana-kwana a Kano ko Zariya sun ciro gawa biyu ko uku daga rijiya ɗaya, na farko ya shiga yasa iska ta ɗauke masa, na biyu ya bi shi ceto, na uku ya bi na biyu? Muna da amsa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro, inda ramin haƙar ma'adinai ya rufta da mutane a watan Yuni 2024 bayan ruwan sama, aka yi kwanaki ana fama. Wanda ya maƙale a ƙarƙashin dutse a ƙasar nan, abokansa ne kawai 'yan cetonsa, su ma idan sun san abin da za su yi.

Idan haka ne, in ji mai ja, ashe da muguwar rawa gara ƙin tashi, a hana kawai. Da hani yana aiki da na goyi bayansa. Dutse ba shi da ƙofa, ba shi da maigadi, kuma abin da hani ke haifarwa shi ne tafiya a ɓoye. Yaron da ya san za a yi masa faɗa ba zai gaya wa kowa inda za shi ba, kuma wannan shi ne mafi muni, domin idan magariba ta yi bai dawo ba, ba a san ta inda za a fara nema ba. Yaran Tailan ma kekunansu da takalmansu da aka gani a bakin kogo ne suka tabbatar da inda suke. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin masu shiga kogo na duniya suka tsayar ba su da tsada. Kada a shiga ƙasa da mutum huɗu, domin idan ɗaya ya ji rauni wani ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Kowa ya riƙe fitila fiye da ɗaya, kuma ta goshi irin ta mafarauta ta fi, don hannuwa su samu sakewa; fitilar waya ba fitila ba ce, ga shi waya ba ta samun sabis a ƙarƙashin dutse. Hular kwano ta 'yan acaɓa ta fi kai tsirara. A bar wa wani babba a gida sunan wurin da lokacin dawowa. Damina ba lokacin shiga ba ne. Kafar da aka shiga da ƙyar, kai a ƙasa, ba lallai a fita ta cikinta ba. Wanda ya fi duka shi ne a bi ta hannun mutanen wurin: a gaida mai unguwa, a nemi ya haɗa ayari da mafarauci ko manomin da ya san wane rami ne na beguwa, wane ne na zuma, wane ne mesa ke kwana. Ɗan abin da za a ba shi bai kai kuɗin data na mako ba.

Akwai hujja guda da ba ni da amsar da za ta rushe ta, wato tsaro. Duwatsu da dazuzzuka da yawa a Arewa sun zama mafakar 'yan bindiga. Kufan Kwiambana a jihar Zamfara, wanda Nijeriya ta miƙa sunansa ga UNESCO tun 1995 cikin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, yana cikin yankin da mai hankali ba zai kai abokansa yawo ba a yau, kuma wasu sassan ƙananan hukumomin Giwa da Igabi da Birnin Gwari sun sha wannan masifa. Inda mutanen gari suka ce kada a je, magana ta ƙare. Amma wannan ma dalili ne na tsari, domin ayarin da ya bi ta hannun mai unguwa shi zai ji labarin da ba a bugawa a jarida. Kuma wuraren da suka rage a hannunmu, irin Kufena da ke bakin gari, darajarsu ƙaruwa ta yi.

Wani kuma zai ce ana fama da abin kaiwa baki, wa ke ta kogo? Ba zan yi alkawarin cewa duwatsun Zazzau za su kawo daloli ba; masu irin wannan alkawari sun yi yawa. Amma a Ogbunike mutanen gari ne ke kula da kogonsu, baƙo ya sauka matakala 317, ya cire takalmi bisa al'adarsu, ɗan gari ya yi masa jagora. A Yankari, kogwannin Marshal guda 59 waɗanda mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutsen yashi suna cikin abin da ake kai baƙo ya gani, tare da ma'aikacin gandun. Wuraren biyu suna da abu ɗaya da Kufena ba shi da shi, wato wanda aka ɗora wa alhaki. Kuma aikin farko ba kuɗi mai yawa yake ci ba. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen haƙar tarihi, da na ilimin ƙasa da duwatsu, da tsangayar likitancin dabbobi, duk a Samaru, tafiyar mintuna daga dutsen. Ɗaliban da ke neman batun rubutun kammala digiri kowace shekara za su iya bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, su auna, su zana taswira, su rubuta wanne ke da tsingaro a ƙasa a bar shi ga masana, wanne ke da jemagu a kauce masa, wanne ne ba komai kowa ya shiga. Samarin da ke hawa dutsen yanzu su ne za su fi kowa amfani a wannan aiki, domin sun riga sun san hanyoyin.

Kira na ga Masarautar Zazzau, da ƙaramar hukumar Zariya, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da jami'ar, shi ne su zauna da masu unguwannin gindin Kufena kafin damina mai zuwa, a kafa allo da Hausar boko da ajami a hanyoyin hawa, a zaɓi 'yan jagora daga cikin mutanen wurin a koya musu taimakon gaggawa, a kuma shata wa masu fasa dutse iyakar da doka ta riga ta ba su. Iyaye kuwa, idan yaro ya ce za su Kufena da abokai, a tambaye shi su nawa ne, wa zai yi musu jagora, fitila nawa suka ɗauka, ƙarfe nawa za su dawo.